FASHIN BAƘI: Riƙe katin ATM ɗin mahaifi ba izini ba ne, ga hanyoyin da doka ta tanada

A gidaje masu yawa a Najeriya akwai matashi guda da ke yawo da katin ATM ɗin da ba nasa ba. Katin na mahaifi ne da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, ko na kakar da ba ta iya karanta saƙon banki, ko na yayan da ya tafi neman kuɗi Saudiyya ya bar iyali a gida. Matashin ya haddace lambar sirri, layin wayar da alat ke shigowa yana aljihunsa, kuma duk ƙarshen wata shi ke tsayawa gaban mai POS ya ciro kuɗin magani da na hatsi. Ƙarancin takardun Naira da ya biyo bayan sauya fasalin kuɗi a farkon 2023 ya ƙara wa wannan ɗabi'a ƙarfi, domin tsohon da bai iya tiransifa ba dole ya miƙa wayarsa ga wanda ya iya.

Iyali na ɗaukar wannan a matsayin biyayya da taimako, kuma galibi haka ɗin ne. Sai dai banki da kotu ba su san da zamansa ba. A wurin banki, duk abin da aka cire da kati da lambar sirri mai asusun ne ya cire, domin yarjejeniyar da ya sa wa hannu ta hana shi bai wa kowa lambar. Ranar da wa'adin kati ya ƙare, ko aka toshe layin waya, ko mai asusun ya rasu, ranar ce matashin zai gane ba shi da takarda ko ɗaya da za ta sa ma'aikacin banki ya saurare shi. Ranar rabon gado kuma, shi ne zai tsaya gaban 'yan uba yana bayanin kuɗin shekara uku da bai rubuta a ko'ina ba.

Doka ta tanadi hanyoyin da mutum zai kula da kuɗin wani a banki a sarari. Hanyar da ta dace ta dogara ne da halin da mai kuɗin ke ciki: ko yana raye da hankalinsa, ko yana raye amma hankalin ya gushe, ko yaro ne da bai kai munzali ba, ko kuma ya rasu. Kowane hali da takardarsa, da wanda ke da ikon bayar da ita, da ranar da take daina aiki.

Me ya sa banki ke tsaurarawa?

Mutane kan zargi ma'aikatan banki da wahalar da jama'a idan suka ƙi gaya wa ɗa abin da ke cikin asusun mahaifinsa. Akwai dokoki biyu a bayan wannan ƙin. Na farko shi ne wajibcin sirri: banki ba shi da ikon bayyana abin da ke asusun abokin hulɗarsa ga kowa, ko da matarsa ce, sai da yardarsa ko da umarnin doka. Na biyu shi ne dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 da ƙa'idojin tantance abokan hulɗa da Babban Bankin Najeriya, CBN, ya fitar a 2023. Dukkansu sun wajabta wa banki ya tabbatar cewa duk wanda ya zo da sunan wakilcin wani yana da izinin, sannan ya tantance shi kansa wakilin.

Tantancewar ta ta'allaƙa ne da lambobi biyu. Lambar BVN, wadda aka ƙaddamar a Fabrairun 2014, tana haɗa zanen yatsa da hoton mutum da duk asusun da yake da shi a ƙasar. Lambar ɗan ƙasa ta NIN kuma, tun daga umarnin CBN na Disambar 2023, ta zama sharaɗi tare da BVN ga manyan asusai. Ma'anar wannan ita ce wakili zai shiga tsarin banki ne da sunansa da BVN ɗinsa, kusa da sunan mai asusun. Wanda ke amfani da lambar sirri da layin wayar wani, a idon na'ura, yana sojan gona ne da sunan mai asusun, ko da niyyarsa alheri ce.

Hali na farko: mai kuɗi yana raye, yana da hankalinsa

Wannan shi ne mafi sauƙi, kuma shi ne lokacin da iyalai suka fi sakaci da shi. Muddin mutum yana fahimtar abin da yake yi, shi kaɗai ke da ikon naɗa wanda zai taɓa kuɗinsa. Rashin lafiyar jiki ba ta cire masa wannan iko. Wanda hannunsa ya shanye amma yana gane magana yana iya dangwala yatsa a gaban shaidu, kuma izininsa ya inganta.

Hanya ta farko ita ce ta cikin bankin kansa. Mai asusu zai rubuta wa reshensa cewa yana son a ƙara wani cikin masu sa hannu, ya cike fom ɗin izinin sa hannu, wakilin kuma ya kawo BVN da NIN da katin shaida da hotuna da shaidar adireshi. A nan ne ake fayyace iyaka: ko wakilin zai iya sa hannu shi kaɗai ko sai tare da mai asusun, da kuma adadin da ba zai wuce ba. Asusun na nan da sunan mai shi, kuɗin nasa ne, kuma yana iya cire wakilin da wasiƙa ɗaya. Idan mai asusun ba ya iya zuwa reshe, iyali su rubuta wa manaja su nemi a turo ma'aikaci ya gan shi a gida ko a asibiti, domin banki ba zai ƙara suna ba tare da ya ji daga bakinsa ba.

Hanya ta biyu ita ce takardar wakilci da lauya ke rubutawa, wadda ta fi dacewa idan aikin ya wuce asusu ɗaya, misali karɓar kuɗin haya, biyan ma'aikata ko hulɗa da bankuna da yawa. Kotun Ƙoli ta bayyana matsayin wannan takarda a shari'ar Ude da Nwara ta 1993: izini ce na yin aiki a madadin wanda ya bayar, ba ta mayar da dukiyar ta zama ta wakili, kuma ba ta hana mai dukiya ci gaba da juya abinsa da kansa. Wakili mai riƙon amana ne kawai.

Takarda mai kyau tana ambaton sunan banki da lambar asusu, ta lissafa abin da aka yarda wakilin ya yi, ta kuma faɗi ranar da za ta ƙare. Takardar da ta ce wakili ya yi duk abin da ya ga dama ita ce ta fi jawo rigima, kuma sashen shari'a na banki ya fi jan ƙafa a kanta. Sashe na 150 na dokar shaida ta 2011 ya ce kotu za ta ɗauki takardar wakilci a matsayin ingantacciya idan an sa mata hannu a gaban lauya mai hatimin shaida, ko alƙali, ko majistare, ko jami'in jakadancin Najeriya. Wannan ne ya sa wanda ke zaune a Jidda, alal misali, ya fi dacewa ya sa hannu a ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke can kafin ya aiko da takardar gida.

Idan mai bayar da izinin bai iya karanta harshen da aka rubuta takardar da shi ba, dokokin kare waɗanda ba su iya karatu ba sun buƙaci wanda ya rubuta ya sa sunansa da adireshinsa, a kuma nuna cewa an karanta masa an fassara masa kafin ya dangwala. Rashin wannan bayani ƙofa ce da duk mai ƙorafi zai bi ya rushe takardar daga baya. Bayan an kammala, sai a kai ta banki. Banki zai tantance ta, sau da yawa ya tuntuɓi mai asusun, sannan ya sa wakilin ya cike nasa fom. Kafin wannan mataki, takardar ba ta buɗe komai.

A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan Musulunci na Arewa ke aiki da shi, wannan ita ce wakala, kuma ƙa'idar ɗaya ce: wakili ba ya wuce abin da aka ɗora masa.

Gajerun hanyoyi biyu masu tarko

Wasu iyalan kan buɗe asusun haɗin gwiwa tsakanin uba da ɗa don guje wa takardu. Matsalar ita ce a littafin banki dukkansu masu asusu ne. Idan uban ya rasu, ɗan na iya cewa kuɗin nasa ne, sauran magada su ce na gado ne, kuma babu rubutun da zai raba gardama. Mata da 'ya'ya mata da ƙananan yara, waɗanda ba su san adadin da ke ciki ba, su ne suka fi cutuwa.

Wasu kuma kan kwashe kuɗin tsohon su zuba a asusun ɗan. Wannan ya fi haɗari. Tun Agustan 2020 akwai tsarin CBN da ya bai wa banki damar bin BVN ɗin wanda ya kasa biyan bashi ya ɗebi kuɗi daga asusansa na wasu bankuna. Idan ɗan yana da bashin da ya makale, kuɗin maganin mahaifinsa na iya tafiya a dare ɗaya. Haka kuma inshorar hukumar NDIC, wadda aka ɗaga zuwa Naira miliyan 5 a bankunan kasuwanci a 2024, ana lissafa ta ne a kan kowane mai ajiya a kowane banki. Da aka soke lasisin bankin Heritage a Yunin 2024, an bi BVN ɗin masu asusu ne wajen biyan kuɗin inshorar. Kuɗin mutum biyu da ke ƙarƙashin suna ɗaya, kariyar mutum ɗaya suke samu. Idan kuma ɗan ne ya riga uban rasuwa, kuɗin ya faɗa cikin gadonsa, sai uba ya koma neman abinsa a hannun jikoki.

Hali na biyu: mai kuɗi yana raye, hankali ya gushe

Nan ne yawancin mutane ke kuskure. Suna zaton takardar wakilci an yi ta ne domin ranar da tsoho ya ruɗe. A ƙa'idar dokar da Najeriya ta gada daga Ingila, izinin wakilci na yau da kullum yana faɗuwa ne idan wanda ya bayar ya rasa hankalinsa, kamar yadda yake faɗuwa idan ya rasu. Dalilin shi ne wakili ba zai iya yin abin da mai izinin kansa ba zai iya yi ba. Malaman Malikiyya ma sun ce idan gushewar hankalin mai wakiltawa ta daɗe, lamarin dukiyarsa na komawa hannun alƙali.

Abu na biyu da ya fi muni shi ne a kama yatsan wanda ciwon mantuwa ya ci ƙarfinsa a dangwala a sabuwar takarda. Wannan takarda ba ta da inganci, kuma wanda ya yi amfani da ita ya jefa kansa cikin tuhumar zamba.

Hanyar da ta rage ita ce kotu. Ga Musulmi, Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ambaci wannan da kansa. Sashe na 277 ya lissafa, cikin batutuwan da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiha ke da hurumi a kansu, lamarin ƙaramin yaro da almubazzari da mai taɓin hankali, da kuma kula da Musulmin da ya gaza a jiki ko a hankali. Ƙarar takan fara ne daga kotun shari'ar Musulunci ta ƙasa, ko kotun yanki a Abuja. Alƙali zai saurari dangi, ya duba shaidar likita, ya kange mutumin daga juya dukiyarsa idan ya gamsu, sannan ya naɗa wanda zai kula da ita. Ga wanda ba Musulmi ba, Babbar Kotun jiha ake nufa ta hannun lauya.

A kowace kotu, rahoton likita shi ne ginshiƙi, kuma na asibitin gwamnati ko na ƙwararru, irin asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Maiduguri da Kware, ya fi nauyi. Ya kamata mai nema ya roƙi kotu ta ambaci sunan banki da lambar asusu da abin da aka yarda a kashe kuɗin a kai a cikin umarninta, sannan ya karɓi kwafi mai hatimin kotu. Shi ne abin da banki zai karɓa, kuma yakan aika kotun ya tabbatar da sahihancinsa kafin ya yi aiki da shi. Sanar da sauran dangi tun farko yana rage jinkiri, domin umarnin da aka samo a ɓoye shi ne wanda ake komawa kotu a soke.

Hali na uku: yara da marayu

Bankuna na buɗe wa yara asusu da sunansu, iyaye ko mariƙi na gudanarwa da BVN ɗinsu, bisa takardar haihuwar yaron. Idan ya kai shekara 18 sai a mayar da asusun hannunsa. Wahalar tana tasowa ne idan uba ya rasu ya bar wa ƙananan yara kaso.

A al'ada, baffa ko babban wa kan karɓi kason marayu ya ce zai juya musu. A mazhabar Malikiyya, waliccin dukiyar yaro na uba ne, sai wasiyyin da uban ya naɗa, sai alƙali. Baffa ko wa, har ma da uwa, ba sa samun wannan iko don kusanci kawai, sai da wasiyya ko naɗin alƙali. Uwar da ke riƙon 'ya'yanta tana da damar zuwa kotu ta nemi a naɗa ta, ko ta nemi a tilasta wa wanda ke riƙe da dukiyar ya kawo lissafi. Ayoyin farko na Suratun Nisa'i sun shimfiɗa ƙa'idar: a tsare dukiyar, a miƙa ta idan maraya ya balaga kuma aka ga shiriyarsa, a kafa shaidu lokacin miƙawa. A zamanin banki, hanya mafi sauƙi ta cika wannan ita ce kowane maraya ya samu asusu da sunansa, da masu sa hannu biyu daga ɓangaren uwa da na uba, da bayanan asusu da ake iya nuna wa kotu.

Hali na huɗu: mai kuɗi ya rasu

Mutuwa na kashe izinin sa hannu, tana kashe takardar wakilci, tana kuma kawo ƙarshen aikin wanda kotu ta naɗa don kula da mara lafiya. Da zarar banki ya samu labari, zai rufe fitar kuɗi daga asusun. Wannan ne ke sa wasu su ɓoye rasuwar, su ci gaba da amfani da kati har asusun ya ƙare. Daga lokacin da rai ya fita, kuɗin ba na mamaci ba ne balle na mai riƙe da kati. A shari'ar Musulunci za a fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyyar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sauran ya zama na magada. Wanda ya taɓa dukiyar kafin haka, kotu na iya ɗora masa biyan duk abin da ya ɗauka. Idan kuma albashi ko fanshon gwamnati ne ke ci gaba da shigowa ana cirewa, lamarin ya zama cin kuɗin jama'a da sunan matacce, irin abin da ya sa hukumar fansho ta PTAD ta fito da tsarin tabbatar da cewa ɗan fansho na raye ta hanyar fuska ko zanen yatsa.

Akwai kuma ruɗani game da gurbin makusanci da ake cikewa a fom ɗin buɗe asusu. Mutane da yawa na zaton wanda aka rubuta a nan shi ne magaji. Gurbin na nuna wanda banki zai tuntuɓa ne idan wani abu ya faru. Ba ya bai wa kowa gado, ba ya kuma ba shi ikon cire ko kwabo.

Abin da ke buɗe asusun mamaci takardar kotu ce. Idan akwai wasiyya a rubuce, sashen kula da gado na Babbar Kotun jiha zai tabbatar da ita ya bai wa masu zartarwa takarda. Idan babu, dangi za su nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci. Za su kai shaidar rasuwa, kotu ta ba su fom ɗin da banki zai rubuta abin da ke asusun, a buga sanarwa don mai ja ya fito, a kawo masu tsaya musu, a biya kuɗin kotu wanda ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Da takardar ne banki zai buɗe sabon asusu da sunan dukiyar marigayin, waɗanda kotu ta naɗa su zama masu sa hannu. A jihohin Arewa, Musulmi kan shigar da batun rabon gado a kotun shari'ar Musulunci, ita kuma ta rubuta wa banki ta ba da umarnin yadda za a fitar da kuɗin. Tunda sharuɗɗan bankuna sun bambanta, yana da kyau a fara karɓo jerin abin da bankin ke buƙata a rubuce kafin a doshi kotu. Kuɗin fansho na adashen gata ma haka ne, dokar fansho ta 2014 ta ɗaure fitar da su da takardar kotu.

Jinkiri yana da farashi. Bisa ƙa'idojin da CBN ya fitar a Yulin 2024, asusun da ya shekara ba a taɓa shi ba ya zama mai barci, kuma kuɗin da suka shekara 10 a haka za a mayar da su wani asusu na musamman a Babban Bankin. Ba sa ɓacewa, mai su ko magadansa na iya neman su da takardun da suka dace. Amma iyalin da ba su san asusun yana nan ba, ba za su nemi komai ba.

Bayan an samu izini

Takarda tana buɗe ƙofa ne, amana kuma tana farawa daga nan. Ƙa'ida ta farko ita ce kada kuɗin wakili su haɗu da na wanda yake wakilta. Ta biyu, duk abin da aka kashe ya zama don amfanin mai kuɗin ko waɗanda ciyar da su ke wuyansa, kuma cikin iyakar da takarda ta gindaya. Wakili ba ya ranta wa kansa, ba ya sa kuɗin a kasuwancinsa, ba ya kyauta da su, ba ya yanka wa kansa lada sai takarda ko kotu ta amince. Ta uku ita ce rubutu: littafi ɗaya mai kwanan wata da adadi da dalili, rasiɗin asibiti da na kantin magani, da bayanan asusu na kowane wata. Biyan asibiti ko makaranta ta tiransifa kai tsaye daga asusun ya fi ciro tsabar kuɗi, domin yana barin sawu. Barin alat yana zuwa wa mai asusun ko wani ɗan'uwa na biyu yana kare kowa.

Wannan rubutu ya fi amfanar wakili mai gaskiya. Wanda ya yi shekaru yana jinya yana kwana a asibiti, shi ne ake fara zargi idan aka zo lissafi, kuma littafinsa ne kaɗai zai yi masa shaida. Ga wanda ya ci amana kuwa, sashe na 312 na dokar Final Kod ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7, kuma dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 ta sanya danne wa mutum dukiyarsa cikin laifuka.

Idan banki ya ƙi aiki da takarda ingantacciya, matakin farko shi ne ƙorafi a rubuce ga bankin, a karɓi shaidar an shigar. Idan mako biyu suka wuce ba a warware ba, ana iya kai ƙorafin sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na CBN. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya tuntuɓar Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta ƙasa, wadda ke da ofisoshi a jihohi.

Gurbin da ke jiran 'yan majalisa

Daga cikin halaye huɗun nan, na biyu ne doka ta fi barin iyalai a rana. A Ingila da Wales, dokar da aka yi a 2005, wadda ta fara aiki a 2007, ta bai wa mutum damar naɗa wakili tun yana da lafiya, da izinin da zai ci gaba da aiki bayan hankalinsa ya gushe. Ana rajistar takardar a wani ofishin gwamnati na musamman, wanda ke da ikon binciken wakilin idan an yi ƙorafi. Najeriya ta gaji tsohuwar ƙa'idar Ingila, amma ba ta da irin wannan ofishi a matakin tarayya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma ƙarfafa haƙƙin marasa lafiya, sai dai iyalin da ke son biyan kuɗin asibiti daga asusun mahaifin da ya ruɗe har yanzu kotu za su nufa, da kuɗinta da jiranta.

Idan hanyar doka ta yi tsada da nisa, mutane kan koma wa kati da lambar sirri, inda babu mai sa ido. Gyaran yana hannun majalisun jihohi da ta tarayya da CBN: takardar wakilci mai ɗorewa da rajistarta, fom ɗaya da duk bankuna za su karɓa, fassararsa cikin harsunan da jama'a ke karantawa, da hanya mai sauƙi ga ƙananan asusai, waɗanda kuɗin kotu ke iya cinye rabinsu.

Kafin a kai ga haka, abin da ke hannun iyali shi ne lokaci. Ranar da mahaifi ke iya zama ya faɗi wanda ya amince da shi, ya lissafa bankunan da yake da ajiya, ya je reshe ko a zo masa gida, ita ce ranar da aikin ke cin fom ɗaya da hotuna biyu. Bayan ta wuce, sai rahoton likita da lauya da zaman kotu.